Rantsuwar Alkasum da Wayar da Ya Ja da Mundayen Uwarsa

Idan ana neman wanda ya fi kowa taurin kai a Agadas, ba sai an tara jama'a ba. A shiga tsohon gari, a bi lungun maƙera, a tambayi gidan Alkasum mai jan waya. Ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da damar yin fushi. Haka muka tarar ana yi.

Tun ranar haihuwarsa aka san abin da aka samu. Innata ta ce kwana biyu ungozoma na lallashinsa ya fito, ya ƙi. Sai da ta gaji ta ɗauki mayafinta ta ce, "To, yi zamanka," sannan ya faɗo. Da aka zo rubuta yara lakwal, makarantar boko, ya haye ƙolin wani dabino ya wuni a can, ya ce shi a maƙera zai zauna. Ni aka kama a madadinsa. Na yi aji huɗu, na fito da abin da ya ishe ni karanta takardar likita da zagin mutum da Faransanci.

Kawu maƙerin fari ne, azurfa da jan ƙarfe yake aiki, kuma a hannunsa Alkasum ya koyi jan waya. Akwai wani farantin ƙarfe mai ramuka a jere, daga mai faɗin tsinken tsire har zuwa wanda sai ka ɗaga shi ga rana kake ganin hudarsa. A narka azurfa, a buge ta ta zama sanda, a fiƙe bakinta, a zura a ramin farko, a kama da awartaki, a tokare ƙafa, a ja. A gasa ta, a tsoma a ruwa ta yi laushi, a koma rami na gaba. Ɗan koyo a rami na biyar yake tsayawa. Gwani yana kaiwa na goma sha biyu. Alkasum ya kai na goma sha shida, ya ce ramukan sun yi masa kaɗan, ya huda na goma sha bakwai da kansa. Da idona na ga gizo-gizo ya tsaya yana kallon wayar nan, ya juya ya bar gidan don kunya.

Yana da ƙane, Illiya, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke yi masa zuga. Illiya ya zauna lakwal har ya sami takarda. Shekarar da aka buɗe tashar wutar lantarki a Anu Araran, can wajen Cirozerin, inda ake haƙo gawayin ƙasa ana ƙonawa, kamiyo, babbar motar kamfani, ta zo gari ɗaukar ma'aikata. Ranar nan azurfar wata amarya ce a kan wuta, ta fara narkewa ke nan. Illiya ya ji ƙahon kamiyo, ya saki zuga-zugi, ya suri jakar da ya ɓoye bayan ƙofa, ya fita a guje. Azurfa ta daskare rabi da rabi, amarya ta tare ba abin wuya.

Da ya tsaya nan, da an manta. Bayan wata guda ya dawo da shuɗin kayan aiki da takalmi mai hancin ƙarfe, ya tarar da maƙera tara zaune ana shan shayi, ya dubi wansa ya ce, "Yaya, can wuta ba ta jiran mutum ya zauna yana matsa fatar akuya."

Alkasum ya ajiye kofin shayinsa, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Wallahi tallahi, duk abin da ya fito daga ramin gawayinku, ko ya bi ta hannunka, ba zai ƙetare bangon gidana ba."

Shekara huɗu yana riƙe da ita. Illiya ya aiko da sukari da ganyen shayi, aka mayar. Ya aiko da ragon layya, rago ya yi Salla ɗaure a waje yana kallon ƙofa. Ya rubuto wasiƙa, Alkasum ya sa na tsaya a titi ina karantawa da ƙarfi, shi yana saurare daga ciki, har unguwa duka ta san Illiya na fama da basir. Gidajen lungu suka sa ampul na lantarki ɗaya bayan ɗaya, gidan Alkasum kaɗai ke da fitilar kananzir. Matarsa Biba ta yi magana har ta gaji.

Sai fari na shekarar tamanin da huɗu ya zo. Ƙoramar Telwa ba ta kawo ruwa ba ko sau ɗaya. Makiyaya suka shigo gari ba dabba, suka kafa tabarmi da tsummoki a bayan unguwarmu. Rijiyoyi suka riƙa ƙafewa. Ta tsakar gidan Alkasum ce ba ta ƙafe ba, wadda kakanmu ya haƙa, zurfinta gaba goma sha takwas. Nan kam dole in faɗi alherinsa, ko da yake bakina bai saba ba: da hannunsa ya cire ƙyauren zaure ya jingine, ya ce kada wanda ya yi sallama kafin ya sha ruwa. Amma guga ɗaya ne, bakin rijiya ɗaya ne. Mata na tsaye tun daga sallar asuba har faɗuwar rana, wasu su koma da tulu wayam. An yi dambe sau uku. Wata mai goyo ta faɗi sumammiya a zaure.

Ranar wata Asabar sai ga ajidan, babban sojan da aka ɗora wa ruwa da rabon tsaba a ɓangarenmu, da sojoji biyu a bayansa. Dogo ne, ba mugu ba, amma a zamanin nan soja ba ya faɗin magana sau biyu. Ya leƙa rijiya, ya jefa tsakuwa, ya saurara. Ya ce an kawo famfon lantarki na taimako, irin wanda ake zurawa cikin rijiya, kuma a nan za a sa shi, ruwa ya riƙa zuba a manyan tanoni, wato gangunan ƙarfe, a bakin titi.

Alkasum ya ce, "Ranka ya daɗe, wutar daga ina?"

"Daga ina kuwa? Anu Araran."

"Ranka ya daɗe, na yi rantsuwa."

Ajidan ya ce, "Ni ma na yi, ranar da na sa wannan riga. Alhamis da azahar zan dawo. In ban ga ruwa na zuba ba, ka bi ni bariki, a sa famfon kana can."

Wanda ya shiga bariki a lokacin, ba a tambayar ranar fitowarsa. Biba ta ruga ta kira Malam Nomau, limamin unguwa. Malam ya zauna ya yi masa bayani tiryan-tiryan: rantsuwar da ta tare alheri ana warware ta, a ciyar da miskinai goma, wanda ba shi da hali ya yi azumin kwana uku, shi ke nan.

Alkasum ya ce, "Malam, na san Allah mai gafara ne. Maƙera ne ba su da ita. Za a ce shekara huɗu Alkasum na riƙe da magana, soja ya ɗaga murya sau ɗaya ya saki."

Ya shiga ɗaki ya fara haɗa kayan bariki: bargo, carbi, butar shayi, kofuna uku. Na ce, "Sarkin taurin kai, kana zaton can ma ana zuwa hira ne?" Bai ko dube ni ba. Nan na san abin ya wuce wasa.

Ranar Litinin da hantsi aka turo mai haɗa wutar. Wa za a turo in ba ɗan gari ba? Illiya ne, da nadin waya a kafaɗa. Ya tsaya a titi jikin bango, Alkasum na tsaye daga ciki. Bangon bai fi tsayin mutum ba, tari ɗayansu ya yi sai ɗayan ya ji, amma ba sa magana da juna. Aka kife mini turmi na hau, kaina ya leƙa waje, na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa.

Illiya ya ce, "Fulera, tambaye shi, a zatonsa mene ne ke biyo waya?"

Alkasum ya ce, "Faɗa masa wutar gawayinsu. Ta taso daga can, ta biyo waya kamar ruwa a bututu, ta zubo gidajen mutane."

"Faɗa masa ba abin da ke tasowa."

"Faɗa masa ƙarya ma sana'a ce, a can ya koyo ta."

Na ce, "Ku bari in riƙa faɗa mana, ko in sauka?"

Illiya ya ajiye nadin waya, ya share gumi. Ya ce jan ƙarfen nan da Yaya ke bugu tun yana yaro, cike yake da wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, Turawa na ce musu elektaron. Ba wanda ya zuba su, da su Allah ya halicci ƙarfen. Kuma ba a ɗaure suke ba, yawo suke ta yi a ciki, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma, kamar mutane a kasuwa, ba inda taron ya nufa. Injin Anu Araran ba ya aiko da sababbi. Turi kawai yake yi.

Ya ɗaga kai ya dube ni. "Ke, jiya kin je layin tsaba?"

Na je mana. Kowa na zuwa. Layin jar dawa ya tashi daga bakin buhuna har ya sha kwana bayan kasuwa. Ina can gaba, saura mutum biyu a auna mini, wani soja ya tura na can ƙarshe don su matsa daga hanyar mota. Kafin in ce wayyo, hancina ya daki ma'auni.

Illiya ya ce, "Wadda aka tura a can baya, ita ce ta buge ki?"

"Ina fa. Ta bayana ce, wata mai ƙashin kafaɗa kamar gatari. Ta can baya ai har azahar tana can."

"To ka ji, Yaya. Wato, faɗa masa ya ji. Turi ya iso nan take, mutum bai iso ba. Haka waya take. Cike take tun farko. In aka tura daga can, na cikin wayar gidanka ne ke motsi, su ne ke juya famfo."

Alkasum ya ce, "Faɗa masa ta can bayan ma ai daga ƙarshe ta iso gaban buhu."

Illiya ya yi dariya, karo na farko. Ya ce ko da turin gefe ɗaya yake, irin na pil, batirin radiyo, tafiyarsu ba ta fi kamu guda a awa ba, don kowane taku sai sun yi karo da jikin ƙarfen, su kauce, su sake karo. Daga Anu Araran zuwa nan, kilomita saba'in da wani abu, sai sun shekara ashirin da ɗoriya a hanya. Kunkuru ma sai ya je ya dawo ya yi aure. Balle wutar gari ba gefe ɗaya take turi ba. A tura gaba, a ja baya, sau hamsin cikin daƙiƙa guda. Rawa kawai suke yi a inda suke.

"Tambaye shi, faɗin rawar fa?"

"Ko kaurin wayarka ta rami na goma sha bakwai ba ta kai ba."

Na ga kunnen Alkasum ya motsa. Illiya ya nuna akwatin ƙarfen da ke kan dogon turke a bakin lungu. Ya ce wayar da ta taso daga can a cikin akwatin nan ta ƙare, a naɗe. Ta unguwa ma a naɗe take kusa da ita, ba su taɓa juna ba, turin ne kaɗai ke tsallakawa.

Alkasum ya ce, "Ya rantse."

Illiya ya rantse. Mu dangin nan ba ma rasa rantsuwa a aljihu.

"To. Amma wayar kafaɗarsa ta bi ta hannunsa. Ba ta shiga. Ni zan ja tawa."

Da me? Duk wani jan ƙarfe da ke maƙera ya daɗe da zama hatsi. Biba ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin tsumma, ta kwance a gabansa. Mundayen ƙafa ne guda biyu na marigayiya uwarsu, jan ƙarfe tsantsa, waɗanda ta sa ranar aurenta. Kowace ɗaya in ta faɗo maka a yatsa, sai ka yi wata kana ɗingishi. Alkasum ya daɗe yana juya su a hannu.

Ya ce, "Fulera, tambaye shi ko ya yarda. Rabi nasa ne."

Ban tambaya ba, don Illiya ya riga ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na yarda. Ba su taɓa bi ta hannuna ba, a ƙafarta suka zauna." Sannan ya gyara murya ya ce layi biyu ake so, daga bango zuwa bakin rijiya, taku goma sha biyar, a ɗaga su sama kan sanduna, a ɗaure a wuyan kwalabe yadda ba mai taɓawa. Famfon da igiyarsa ta roba ya zo daga ƙasar waje, bai san Anu Araran ba. "Kuma faɗa masa ta yi kauri. Kamar tsinken tsire."

Alkasum ya ce, "Faɗa masa ba shi zai koya mini jan waya ba."

Da na sauka daga turmi na ce masa, "Kai, ka ji dai abin da ya ce." Ya dube ni kamar na zubar masa da shayi. Ya ce, "Ke ƴar gwaggo, aji huɗunki bai koya miki tunani ba? Da bakinsa ya ce ido ba ya ganinsu don ƙanƙanta. Abin da ya fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta, me zai yi da babbar hanya? Waya mai kauri aikin ɗan koyo ne."

Gaskiya ni ma a lokacin na ga maganarsa da ma'ana.

Yinin Litinin da na Talata yana ja. Biba na zuga. Ya narka rabin munduwa ɗaya, ya bi ramuka ɗaya bayan ɗaya, yana gasawa yana tsomawa, mata masu jiran guga na kallonsa. Bai kai na goma sha bakwai ba, lokaci bai bari ba, kuma har yau yana jin haushin hakan. Laraba da hantsi ga layi biyu a sama, sirara, suna walƙiya kamar gashin doki da aka shafa wa mai. Maƙeran nan tara da aka yi rantsuwa a gabansu suka zo kallo, suna kaɗa kai suna cewa tubarkalla. Alkasum ya jefa bakin wayoyin ta kan bango, ya ce a bar kamu guda nasa a waje, kada ƴan rawar Illiya su yi kuskuren taku su faɗo masa gida.

Illiya ya ɗaga wayar ya duba, ya dafe kai. "Yaya..."

"Faɗa masa ya kunna."

Illiya ya ce kowa ya ja da baya, ya haɗa, ya kunna. Famfo ya yi gurnani can ƙasan rijiya. Muna kallo wayar ta yi duhu, ta yi ja jawur kamar tana cikin maƙera, ta yi lanƙwasa, ta tsinke fat. Guntun ya faɗo kan tabarmar Biba ya zana mata baƙin layi, wata kaza ta tashi sama ta ƙetare gidaje uku, ba a sake ganinta ba sai da ƴaƴa. Illiya ya kashe wuta. Ba wanda ya ji ciwo.

Na hau turmi da kaina, ba wanda ya ce in hau.

Illiya bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce, "Faɗa masa ya tuna lungun bayan masallaci, wanda jaki da kaya ba ya wucewa. Famfon nan yana son taro guda su motsa kowane lokaci, ba ya ragi. A hanya mai faɗi sai su yi shi a hankali, kowa da wurinsa. In ka cusa su a lungu, dole su yi sauri, su yi ta dukan jikin ƙarfe. Dukan nan shi ne zafin."

Alkasum na zaune a ƙasa da guntun wayar a tafinsa. Ya ce, ba da kowa ba, "Bugu ke kawo zafi. Wannan kam na sani. Ƙarfe mai sanyi in ka yi ta dukansa sai ya ƙona yatsa."

Saura yini guda da rabi. Jan ƙarfe akwai, kuma waya mai kauri ta fi saurin ja, a rami na uku ake tsayawa. Amma Alkasum ya ce shi a rataye aikin ɗan koyo a tsakar gidansa, kowa na shigowa yana gani? Gara bariki. Biba ta ce, "Maigida, ni zan raka ka har ƙofa, in dawo in ja ta da kaina." Na ce ni zan riƙe mata awartaki.

Tsoho Shaibu, babban maƙeran unguwa, wanda ya koya wa kawu ma wasu abubuwa, ya soke sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Alkasum, ja siririyarka. Mu murɗe su kamar igiya. Lungu goma sha biyu gefe da gefe ai ya zama titi." Ya ɗaga murya ta kan bango. "Kai ɗan Anu Araran, zai yi?"

Illiya ya ce, "Zai yi, Baba. Ta kamfani ma in ka feɗe robarta haka take a ciki."

Kafin azahar maƙeran nan tara sun koma gida sun ɗauko farantansu da awartakansu. Aka narka sauran mundaye har da guntayen da suka ƙone, aka raba. Tsakar gida ta zama kamar masaƙa. Wannan na ja, wancan na gasawa, Shaibu na haɗa bakin da ya tsinke da ɗigon azurfar zobensa. Matan makiyaya suka ajiye tuluna suka kama ja, su da suka saba da igiyar raƙumi. Alkasum na bi yana duba ta kowa yana tsaki, wai ta wane ta yi kauri, ta wane ba ta miƙe ba. Aka tashi da magariba, aka dawo bayan asuba. Alhamis da hantsi aka ɗaure baki goma sha biyu a sanda, shi da kansa ya murɗa, a hankali, irin murɗin da yake yi wa abin hannun amare.

Ajidan bai jira azahar ba. Muna ɗaure kwalba ta ƙarshe muka ji mota ta tsaya. Ya shigo, ya dubi agogo, ya dubi tanonin da ke bushe a titi, ya dubi jakar Alkasum da ke jingine a zaure da butar shayi a kai. Ya harɗe hannuwa.

Illiya ya kunna. Famfo ya yi gurnani. Duk muka ɗaga kai ga waya. Ba ta yi duhu ba, ba ta yi ja ba, tana nan da launinta. Amma bakin bututu shiru. Na fara karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Biba ta kama hannuna ta matse, har yau yatsan nan bai koma daidai ba.

Ajidan ya ce, "Ina ruwan?"

Illiya ya ce daga waje, "Yana hanya, mon ajidan. Waya a cike take, bututu kuwa wayam yake. Shi ruwa sai ya hau gaba goma sha takwas da ƙafarsa."

Bututu ya yi tari. Ya tofo iska, ya tofo laka, sannan ruwa ya ɓarke, mai kaurin damtse, yana dukan gindin tano da ƙara. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa, har daga bayan unguwa ake amsawa. Ni kam zama na yi a ƙasa daɓas. Ajidan ya tara hannu ya sha, ya wanke fuska, ya dawo ya tsaya ƙarƙashin wayar yana kallon murɗin. Ya ce, "Maƙeri, kana iya yi wa matata abin hannu irin wannan?" Alkasum ya ce sai an ga lokaci. Soja ya shiga mota ya tafi.

Da la'asar, da taro ya ragu, na ga Alkasum ya je jikin bango. Ya ce, "Fulera, hau." Na hau. Illiya na waje yana naɗe kayansa.

"Tambaye shi. Turin nan, wa ke yinsa?"

Na yi wa Illiya ido, na yi masa baki, saura kaɗan in faɗo daga turmi. Ya ƙi dubana. Ya ce, "Injin da nake kula da shi, Yaya. Da gawayin ramin nan."

Na ce a raina shi ke nan, yau za a cire waya. Alkasum ya juya yana kallon mata suna cika tuluna, ba mai ture wata, wata ma har tana wanke wa ɗiyarta kai.

Ya ce, "Tun Litinin na sani. Ni maƙeri ne. Guduma ba ta shiga cikin azurfa, amma ba a ce wanda ya ɗaga ta bai yi aiki ba." Ya waiwaya wajen zaure. "Sojan nan ya tafi?"

"Tun ɗazu."

"To."

Kwana huɗu ba abin da ya faru, sai ruwa da ke zuba. Ranar Talata ta gaba na shiga da hantsi na tarar da butar shayi a kife, murhu ba wuta. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya sha kofi tara a yini. Na ce lafiya? Ya ce cikinsa ne. Laraba ma cikinsa. Alhamis na zauna a gabansa ina tauna dabino da ƙarfi, ina lumshe ido, ya bi ni da awartaki har zaure. Biba ta raɗa mini cewa tun asubar Talata yake tashi sahur, ya ce in ta faɗa wa wani sai ta koma gidansu.

Juma'a Illiya ya zo daga Anu Araran duba famfo. Ya tsaya a inda ya saba, jikin bango. Na ɗauko turmi zan kife, Alkasum ya ce in ajiye, wai na cika shiga abin da ba ruwana. Ya fita zaure da kansa, ya tsaya a ƙofar nan da ba ƙyaure.

Ya ce, "Kai. Azurfar matar soja ce a kan wuta, Biba ba ta iya zuga ba. Shigo. In ka ji ƙahon kamiyo ka motsa, sai na karya maka ƙafa."

Illiya ya cire takalmin nan mai hancin ƙarfe a bakin ƙofa, ya shiga.

Damina ta dawo a shekara ta gaba, makiyayan da suka rage suka koma daji. Wayar ta yi shekara goma sha ɗaya a sama kafin a kawo famfon gari. Alkasum yanzu ya tsufa, idonsa ba ya ganin rami na goma sha bakwai, akwai ampul a ɗakinsa amma ya ce hasken na sa masa ciwon kai. In baƙo ya tambaye shi labarin, yakan ce shi bai taɓa warware rantsuwa ba, soja ma ya zo ya gan shi ya koma. Sai in ce daga gefe, "Kwana ukun nan da buta ta yi a kife fa?"

Sai ya ce, "Faɗa mata cikina ne," ya nuna Illiya, wanda ke zaune kusa da shi yana dafa shayi.